Dunstable: garin da sunansa ya koma sunan malafa

Malam Mai Alli: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayar wannan makon daga ƙasar Ingila na ɗauko ta. Akwai wani gari a can wanda, shekaru ɗari biyu da suka wuce, idan mace ta shiga kanti a Landan ta ambaci sunansa, ba kwatancen hanya za a yi mata ba, abin sawa a ka za a miƙo mata. Wane gari ne? Kada kowa ya ruga Google, a faɗi abin da ke ka.

Abba Gunners: Wa alaikumus salam Baba Malam. Derby ne. Baƙar hular nan mai zagayayyen kai da Turawan da ke haɗawa da kwat, Amurkawa derby suke ce mata.

Ɗan Kwari: Ni dai Panama na sani, amma ita ba a Ingila take ba.

Malam Mai Alli: Abba, ka yi ƙoƙari, amma ba ita ba ce. Waccan hular a Landan aka fara yin ta a 1849, wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da William Bowler, suka haɗa wa kantin Lock, shi ya sa mutanen Ingila ke kiran ta da sunan gidansu. Sunan da Amurkawa suka laƙaba mata kuwa daga gasar sukuwar dawaki ya fito, wadda aka fara a Epsom a 1780 aka sa mata sunan sarautar basaraken da ya assasa ta. Garin Derby bai taɓa shahara da yin ta ba. Sannan kalmar tana raye har gobe. Wadda nake nema ta tsufa, yanzu sai a tsofaffin takardu.

Baban Walid: Allah ya gafarta Malam, Dunstable ne. Danstabul suke furtawa. A Luton nake zaune, tsakaninmu da su bai wuce kilomita 8 ba, yau ma gine-gine sun haɗe garuruwan biyu, sai allon bakin titi zai gaya maka ka fita daga wannan ka shiga wancan.

Malam Mai Alli: Madalla, Baban Walid ya harbo ta. Dunstable ƙaramin gari ne a yankin Bedfordshire, kimanin kilomita 50 arewa maso yamma da Landan. A ƙarni na 18 da na 19, idan aka ce "dunstable" ana nufin malafar da aka saƙa da karan alkama, musamman irin ta mata mai rufe gefen fuska, wadda ake ɗaurewa da ƙyalle a ƙarƙashin haɓa. Ita kanta saƙar akwai samfurin da ke amsa wannan suna, wadda ake kitsawa da kara bakwai.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne yadda sunan ya samu. Garin yana zaune ne daidai mahaɗar tsofaffin hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce Watling Street, wadda Rumawa suka shimfiɗa, ta taso daga Landan ta nufi arewa maso yamma. Ɗayar kuma Icknield Way, wadda ta girmi zuwan Rumawan. Sarki Henry na Ɗaya ne ya kafa garin a kan wannan mahaɗa a farkon ƙarni na 12, ya gina masa babbar majami'a, wadda a cikinta ne a 1533 aka yanke hukuncin rushe auren Henry na Takwas da Catherine ta Aragon. A zamanin keken doki, matafiya da yawa da suka bar Landan zuwa Birmingham ko Chester sukan ratsa tsakiyar Dunstable. A nan ake sauya dawaki, a ci abinci, wasu su kwana. Masu talla suna tsaye a ƙofar masaukai da malafu da ƙananan kwanduna da akwatunan kara. Matafiyi ya saya ya kai wa matarsa tsaraba, aka tambaye ta ina aka samo, ta ce Dunstable. Shi ke nan suna ya bi kaya.

Amma mafi yawan hannayen da suka yi saƙar ba a cikin garin suke ba. Matan ƙauyuka ne da 'ya'yansu, a faɗin Bedfordshire da Hertfordshire da Buckinghamshire. Ra'ayina ke nan da nake so a tattauna: kaya ba ya ɗaukar sunan wanda ya sha wahalarsa, na inda mai saye ya fara cin karo da shi yake ɗauka.

Ɗan Kwari: To ai Panama ɗin da na faɗa ta shigo layi ke nan, Malam. A Ekwado ake saƙa ta, a garuruwa irin su Montecristi da Cuenca, amma ta mashigin Panama ake fitar da ita zuwa duniya.

Anti Lakcara: Haka ne ƙanena. Kuma babbar kishiyar Dunstable a kasuwar Landan ita ma irin wannan suna gare ta. Ana ce mata Leghorn, wato yadda Ingilishi ke kiran tashar jiragen ruwa ta Livorno a Italiya, alhali a ƙauyukan kewayen Florence ake saƙa ta, musamman Signa. Mu ma abin ya taɓa mu: jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara a kan raƙuma, ta isa Turai da sunan fatar Maroko.

Sai dai Malam, ina da gyara kaɗan a kan cewa Dunstable bai sha wahalar kayan ba. Aikin kashi biyu ne. Akwai saƙar, akwai kuma ɗinka ta ta zama malafa. Saƙar ce ta ƙauye. Ɗinkin da gyaran fasali a cikin gari ake yi, kuma Dunstable yana da masana'antunsa a kan babban titi, wasunsu rassan kamfanonin Landan ne. Ba zallar dillanci garin ya yi ba.

Hajiya Maman Sadiya: Ni fa tun ɗazu abin da ke ɗaure mini kai daban ne. Karan alkama ai ba ya lanƙwasuwa, da ka taɓa shi ya karye. Ba kaba ba ce. Ta yaya ake saƙa da shi har ya zama abin ado?

Baban Walid: Hajiya, wannan tambayar ni zan amsa, domin kayan aikin suna nan a gidan tarihi na Wardown a Luton, na tsaya a kansu na duba da kyau.

Farko dai ƙasar ce. Tuddan Chiltern da suka ratsa yankin ƙasarsu mai alli ce, alkamar da ke fitowa a kanta karanta siriri ne, mai haske, mai ƙwari. Ba a barin injin sussuka ya taɓa ta, don zai farfasa karan. Da lauje ake yanka, a zaro karan daga dami da hannu, a datse zangarniyar a ajiye ta daban. Daga nan a yayyanka shi tsakanin gaɓa da gaɓa, kowane guntu kamar tsawon taƙi. A zuba a akwati a rufe, a turara masa hayaƙin farar wuta ya yi fari tas. Sannan a tace shi ta wasu faranti masu huji-huji, mai kauri gefe guda, siriri gefe guda, a ɗaure ƙulli-ƙulli a kai kasuwa.

Maganin karyewar da kika ambata shi ne danshi. Mai saƙa tana maƙale ƙullin karan a hammatarta ta hagu, ta riƙa zaro ɗaya-ɗaya tana ratsa shi ta bakinta ya jiƙe da yawu kafin ta soka shi cikin saƙar. Wasu kan riƙe biyu ko uku a baki suna jiran layi. Yatsu na aiki, ido ba ya ko kallon wurin: a ɗora bisa ɗaya, a bi ta ƙarƙashin biyu, a ja ya tsuke. Abin da ke fitowa doguwar saƙa ce mai faɗin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, tana tsawo tana naɗe ta a damtse. In ta gama, a datse tsinin karan da suka leƙo da almakashi, a bi da ita tsakanin wasu itatuwa biyu masu juyawa su daddanne ta ta kwanta. Da yadi ashirin-ashirin ake sayarwa. A gidaje da yawa an yi tsaga a katakon saman murhu, a nan ake auna yadin.

Mai ɗinki kuma daga tsakiyar kai take farawa, tana zagayawa tana ɗora gefen wannan a kan na wancan, kamar dai yadda ake fara faifai daga cibiya. In ta kai ƙarshe a jiƙa malafar da ruwan danƙo, a kifa ta a kan kan katako, a goge ta ta ɗauki fasali.

Abu ɗaya da ya fi tsaya mini a rai a gidan tarihin shi ne ɗan ƙaramin abin tsaga kara. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba, na ƙashi ko na tagulla, da tsini a gaba da 'yan wuƙaƙe kewaye da shi. A soka tsinin cikin ramin karan a tura, sai ya fito a tsage gida huɗu, ko shida, ko fiye, kowane sili daidai da ɗan'uwansa. Wajajen 1800 ya bazu a yankin. Kafin shi saƙar Ingila kauri gare ta, ba ta iya tsayawa kusa da ta Italiya. Da shi ne suka fara fitar da mai laushi.

Hajiya Maman Sadiya: Ikon Allah. Amma farar wuta a baki kullum? Wannan ai cuta ce.

Baban Walid: Cuta ce kuwa Hajiya. An san masu saƙar da gyambo a gefen baki da lalacewar haƙora.

Abba Gunners: Na taɓa jin wai wata sarauniyar Scotland ce ta kawo musu sana'ar daga Faransa.

Anti Lakcara: Wannan labarin baka ne, Abba. Ana cewa Sarauniya Mary ta kwaso masu saƙa daga Lorraine, ɗanta James kuma ya maido su kusa da Luton bayan ya hau gadon Ingila. Masana tarihi ba su ɗauke shi hujja ba. Abin da ke rubuce shi ne na 1689. A shekarar an kawo ƙudurin doka a majalisa da zai tilasta wa mutane sa hular ulu a wasu lokutan shekara, don a tallafa wa masu sana'ar gashin tumaki. Mutanen Luton da Dunstable da ƙauyukan kewaye suka kai takardar koke, suka ce sama da mutum 14,000 ne ke ci daga malafar kara. Ko da an ce masu koke sukan ƙara gishiri, adadin ya nuna sana'ar ta riga ta kafu tun kafin ƙarni na 18.

Lokacin da ta yi tashe sosai shi ne zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa 1815. Yaƙi ya toshe hanyar kayan Italiya, gwamnati kuma ta lafta musu haraji mai nauyi. Ga abin tsaga kara ya iso a daidai lokacin. A shekarun nan ƙwararriyar mai saƙa takan samu fiye da abin da mijinta ke samowa a ƙwadagon gona. Ku tsaya ku auna wannan a ƙauyen Ingila na wancan zamani: mace tana zaune a ƙofar ɗakinta, ko tana tafe a hanya tana hira da maƙwabciya, yatsunta na aiki, ranar kasuwa ta karɓi kuɗinta a hannunta. Litinin kasuwar Luton, Talata Hitchin, Laraba Dunstable. Manyan manoma suka yi ta ƙorafi sun rasa masu cire ciyawa, masu hali sun rasa 'yan aikin gida, limaman coci kuma suka yi ta zargin 'yan matan da girman kai da lalacewar tarbiyya. Ni a karatuna, babban laifinsu shi ne sun samu abin da ya sa ba dole su durƙusa wa kowa ba.

Malam Mai Alli: Malama, a nan zan ja da ke. Kin nuna mana fuskar uwa, ba ki nuna ta ɗa ba. Wannan kuɗin da ake yabo, kaso mai yawa daga yatsun yara ya fito. Akwai abin da suke kira makarantar saƙa. Ɗaki ne guda a gidan wata tsohuwa, a cusa yara masu yawa a ciki, wasu tun suna shekara uku ko huɗu. Iyaye na biyan kwabo ɗaya ko biyu a mako, ba don a koya wa yaro karatu ba, don a tsare shi ya cika yadin da uwarsa ta yanka masa. Wanda bai kai saƙa ba a ba shi almakashi ya riƙa datse tsini. Wanda bai cika ba ya sha bulala, ko a hana shi tashi. Da sanyin Ingila, sau da yawa ba a hura wutar murhu, don kada hayaƙi da toka su ɓata farin karan, sai ɗan kaskon garwashi da ake turawa ƙarƙashin ƙafafu. Hukumar da gwamnati ta naɗa kan aikin yara ta shiga waɗannan ɗakuna a shekarun 1860 ta ga abin da idonta. Ni da na ƙare rayuwata a aji, ba zan iya kiran wannan wuri makaranta ba, kuma ba zan iya kiran sana'ar alheri zalla ba.

Anti Lakcara: Ban musa ko ɗaya ba, Allah ya gafarta Malam. Amma a tambaya: yaron da ba ya ɗakin saƙa a 1840, ina yake? Ba a aji yake ba, domin dokar da ta shimfiɗa makarantun gwamnati sai 1870 ta zo, tilasta zuwa kuma sai 1880. Yana gona yana korar tsuntsaye cikin sanyi, ko yana gidan gajiyayyu tare da iyayensa. Albashin lebura a gonakin kudancin Ingila bai isa ya riƙe gida ba. Uwar da ta tura ɗanta ɗakin saƙa ba mugunta ce ta sa ta ba. Idan za a ɗora laifi, a fara da wanda ya yanka wa uban albashin da ba ya ciyar da iyali, da dillalin da ke tsayawa a kasuwa ya karya farashin yadi ashirin da kalma ɗaya.

Malam Mai Alli: Na yarda talauci ne tushe. Amma ko bayan dokar 1867 da ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara takwas aikin sana'a, an ci gaba da buɗe ɗakunan a ɓoye, ana fakewa da cewa makarantu ne ba wurin aiki ba. Iyaye da kansu suka riƙa taya ɓoyewa. Akwai lokacin da larura ke rikiɗewa ta zama al'ada, a ci gaba da yi ko an samu mafita.

Hajiya Maman Sadiya: Ku bar ni in sa baki, don ni da allura na tashi. Ina 'yar shekara bakwai mahaifiyata ta ɗora ni a kan ɗinkin hula, kuma da shi na yi wa kaina kayan ɗaki. Ba na jin an cuce ni. Amma bambancin da na gani a bayanin Malam shi ne, ni a gefen uwata nake, in na gaji ta ce tashi ki je ki yi wasa, da safe kuma ina makarantar allo. Waɗancan an kai su wajen baƙuwa an ce ga adadin da za su cika. Koyon sana'a daban, ɗaure yaro a kan adadi daban. Sannan maganar Malama a kan dillali gaskiya ce tsantsa. Mai ɗinki takan yi makonni a kan hula ɗaya, wanda ya karɓa ya kai wanki ya ɗora a kan gunki ya jera a shago shi ke cin rabo mafi tsoka.

Alhaji Mai Hula: Hajiya, a yi mana adalci mu 'yan shago. Mu ke ba da zare da yadi, mu ke biyan wanki da haya, mu ke riƙe kaya wata da watanni kafin Sallah ta zo. Amma kan maganar suna, Malam ya yi gaskiya. Mai saye yana shigowa ya ce a ba shi Bama, ba ya tambayar a wane gari aka ɗinka wannan ɗin, balle wace mata ce. Sunan ya zama na samfuri.

Ɗan Kwari: Haka atamfa. Har yanzu mata na cewa Holan ko Ingila. To Malam, me ya kashe sunan Dunstable ɗin? Na san dai ba haka kawai ya ɓace ba.

Malam Mai Alli: Hanyar da ta ba shi suna ita ta juya masa baya. A 1838 aka kammala layin dogo daga Landan zuwa Birmingham, kuma bai bi ta Dunstable ba, ta Leighton Buzzard ya wuce, can yamma. Cikin ɗan lokaci kekunan doki suka ɗauke ƙafa, masaukai suka yi ta rufewa. Matafiyin da ke saye a ƙofar masauki ya daina zuwa.

Baban Walid: Allah ya gafarta Malam, jirgin ya kashe masaukai, wannan haka yake. Amma ba shi kaɗai ya miƙa wa Luton sana'ar ba, don lissafin shekarun bai ba da haka ba. Dunstable ya samu reshen layin dogo daga Leighton Buzzard a 1848. Luton bai ga jirgi ba sai 1858, kuma ta Dunstable ɗin layin ya biyo ya same shi. Babban layin da ya haɗa Luton da Landan kai tsaye sai 1868. Amma tun kafin duk wannan Luton ya riga ya wuce gaba. A 1801 mutanen Luton kimanin 3,000 ne, na Dunstable kimanin 1,300. Zuwa 1901 Luton ya haura 36,000, Dunstable yana wajen 5,000.

Abin da na fahimta a nan shi ne fili da tsarin aiki. Dunstable gari ne matsattse, ƙasarsa kaɗan, sana'ar kuma tana hannun 'yan manyan masana'antu. A Luton an yi ta yanka filaye ana sayarwa, mutum mai ɗan jari ya gina gida ya yi ɗakin aiki a bayansa, matarsa da 'yan mata uku ko huɗu suna ɗinki, shi yana gugar fasali, ya kai wa manyan 'yan kasuwar George Street su saya. In ka bi tsofaffin unguwanni kamar High Town yau za ka ga gidajen, da ƙofar shigar da kaya a gefe da dogon gini a baya mai manyan tagogi don haske. A 1869 garin ya gina rumfunan kasuwar saƙa na musamman, aka tashi daga kasawa a titi. Duk lokacin aiki 'yan mata na kwararowa daga ƙauyuka neman ɗinki, har mata suka rinjayi maza a garin nesa ba kusa ba.

Anti Lakcara: Sannan abin da ya kashe saƙar ƙauyen gaba ɗaya daga teku ya zo. Daga wajajen 1870 aka fara shigo da saƙaƙƙen kara daga ƙasar Sin a farashin da macen Bedfordshire ba za ta iya saukowa kansa ba, daga baya na Japan ya biyo. A shekarun nan ne kuma aka samu keken ɗinki mai iya ɗinka saƙar, ya zama masana'anta na buƙatar yadi fiye da da, kuma mai arha. A 1871 masu saƙa a Ingila sun kai kimanin 30,000. Zuwa 1907 'yan ɗaruruwa suka rage, yawancinsu tsofaffi.

Ku lura da wani abu: masu masana'antar Luton ba su yi asara ba, ƙaruwa suka yi. Kaya mai arha ya sa malafa ta yi arha, kasuwa ta buɗe. Daga baya suka haɗa da hular gashi da ake dannawa, har a shekarun 1930 garin na fitar da huluna kimanin miliyan 70 a shekara. Shigowar kayan waje ta azurta gari ta talauta ƙauye a lokaci guda, a sana'a guda.

Ɗan Kwari: Anti, wannan ya taɓa ni, don a cikinsa nake. Mu a Kwari kasuwa ta cika da kayan Sin, ana ciniki, ɗan kasuwa bai rasa ba. Wanda ya rasa shi ne ma'aikacin masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai. Sai dai su can ko ba komai ɗinkin ya tsaya a gida, saƙar kawai ta tafi. Mu kuwa har rinin da buga zanen a can ake yi.

Malam Mai Alli: To Malama, ga tambaya. Tunda kayan Sin ne suka rufe ɗakunan saƙar da doka ta kasa rufewa, za mu ce yaran sun huta ke nan?

Anti Lakcara: Yaran sun shiga aji, wannan alheri ne, ba na jayayya. Amma gidan da ke da hanyar samu uku ya koma mai ɗaya, a daidai lokacin da noma kansa ya shiga mawuyacin hali a Ingila saboda alkama mai arha daga Amurka. 'Yan matan da da suke saƙa a gaban iyayensu suka tafi aikatau Landan ko ɗinki Luton. Ƙauyuka da dama mutanensu suka ragu. Ban ga yadda za a kira shi hutu kai tsaye ba, Malam. Da an ƙara wa uba albashi aka cire yaro daga ɗakin, da na kira shi haka.

Malam Mai Alli: A nan kam ba za mu haɗu ba. Ni ina ganin duk abin da ya fitar da ɗan shekara huɗu daga wancan ɗaki ya yi aiki, ko da ta hanya mai ɗaci ya zo.

Abba Gunners: Yanzu na gane abin da ya sa ake ce wa ƙungiyar ƙwallon Luton Town "Hatters", wato masu sana'ar hula. Lokacin da suka hau Firimiya a 2023 bayan sun doke Coventry a bugun fenareti, na ga wasu magoya bayansu da wata malafa mai shafaffen kai da ƙyalle a kewaye, na ɗauka ado ne kawai.

Baban Walid: Ita ce, Abba. Irin wannan mai tauri ta maza ce, ta yi tashe a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, har yanzu ɗaliban wasu tsofaffin makarantu kamar Harrow suna sa malafar kara. An kafa ƙungiyar a 1885, lokacin da kusan kowane gida a garin yana da hannu a sana'ar. Akwai malafar a jikin tambarinsu ma, ka duba sama.

Hajiya Maman Sadiya: Baban Walid, to yanzu akwai sauran masu yi, ko duk ya zama tarihi?

Baban Walid: Akwai saura Hajiya, amma kaɗan. Tun da kamfanin motoci na Vauxhall ya ƙaura zuwa Luton a 1905 maza suka fara samun wani aikin, bayan yaƙin duniya na biyu kuma mutane suka rage sa hula gaba ɗaya. Yanzu 'yan ƙananan kamfanoni ne suka rage a Luton, masu rini, da masu sassaƙa kan katakon da ake gyara fasali a kai, da masu yi wa mata hulunan biki da na zuwa kallon sukuwa. Saƙar da suke aiki da ita daga waje take zuwa. Wasu tsofaffin masana'antun kusa da tashar jirgi an mayar da su ofisoshi da wuraren zane-zane. A Dunstable kuwa an daina tuntuni. Jirgin fasinja ma ya daina zuwa garin tun 1965, tsohon layin an mayar da shi hanyar bas ta musamman a 2013, ita muke hawa in za mu je can.

Hajiya Maman Sadiya: Don Allah in ka sake shiga gidan tarihin ka ɗauko mana hoton abin tsaga karan nan, da na saƙar mai kara bakwai kusa-kusa yadda zan ga bin silin. Akwai masu noman alkama a danginmu a Kadawa, karan ƙonewa yake yi ko dabbobi su tattake. Ina so in jiƙa shi da ruwa in gwada ko zai yi.

Baban Walid: In sha Allahu Hajiya. Ki sa a ware miki tun a gona kafin a kai injin sussuka, kuma ki zaɓi gaɓar sama, wadda ke ƙarƙashin zangarniya, ita ta fi tsawo da santsi.